Zangon Fatake a Ƙasar Jega

Wanda ya shiga mota yau daga Jega za shi Yawuri, ya bi ta Maiyama da Koko, kafin goron da ya saya a tasha ya ƙare a bakinsa ya riga ya wuce garuruwa da yawa. Bai kula da inda rijiya take ba, bai tambayi sunan sarkin ko wane gari ba. Kakanninmu da suka bi wannan ƙasa da jakuna da takarkarai, su tilas ne su san dukan waɗannan abubuwa, gama ransu da dukiyarsu a kan wannan sani suka rataya. Tun da hantsi babban abin da ke zuciyar madugu shi ne inda ayari zai kwana. Wannan wurin kwana shi a ke kira zango, labarinsa kuwa za mu ba ku.

Kalmar zango tana da ma'ana uku a bakin Bahaushe. Ta fari, tafiyar yini guda, kamar a ce daga gari kaza zuwa gari kaza zango biyu ne. Ta biyu, wurin da matafiya ke sauke kaya su kwana. Ta uku, unguwar baƙi, watau inda fatake suka sauka da niyyar kwana uku, Allah ya sa suka zauna har jikoki. Duk ukun a jere suke, ɗaya ce ta haifi ɗaya.

Yadda Jega ta zama mahaɗar fatake

Jega ba ta cikin tsofaffin biranen ƙasar Kabi. Asalin masu sarautarta Gimbanawa ne, jama'ar Malam Abdussalami, wani malami Ba'are daga cikin almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shi ne ya zauna a Gimbana, garin da rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta fāɗa wa a ƙarshen shekarar 1803, abin da ya jawo hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817 Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi yaƙi a Kware, ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari ne ya tattara sauran jama'ar, ya shirya da Gwandu, ya kafa Jega wajen shekarar 1820. Kada mai karatu ya gama shi da Buhari ɗan Shehu, wanda ya zauna a Tambuwal. Suna ne kaɗai ya zo ɗaya.

Wurin da aka zaɓa ya dace da ciniki ƙwarai. Garin yana bakin Gulbin Zamfara, wanda ke gangarawa ya haɗu da Gulbin Kabi, su zuba cikin Kwara. Ga ruwan sha na mutum da dabba, ga fadama, ga jiragen ruwa da damina. Hanyar da ta taso daga Kano da Katsina ta ratso Zamfara ta biyo ta Gumi, da wadda ta gangaro daga Sakkwato da Gwandu, a nan su ke gamuwa. Daga nan kuma hanya ta rabu, wata ta yi kudu wajen Yawuri da Nufe da Ilori, wata ta yi yamma da kudu wajen Illo, inda a ke ƙetare Kwara a shiga ƙasar Bargu.

Wani abu kuma ya ƙara wa Jega ƙarfi. A shekarar 1849 Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabawa a Argungu, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka goyi bayansa. Aka yi ta gwabzawa da Gwandu har zuwan Turawa, in banda 'yan shekarun sulhun nan da a ke kira Lafiyar Toga. Falke kuwa ba ya son hanyar da dawakin yaƙi ke kai da kawowa. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Saboda haka ayari ya riƙa karkata kudu, kasuwar Jega ta yi ta cika, har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato.

Hanyar Gwanja

Babban abin da ya fid da Hausawa daga gida shi ne goro. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. A kurmin Asante ya ke, cikin ƙasar da a ke kira Gana yanzu, a kan ɗauko shi a kawo kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Shi ya sa har gobe in an ce goron Gwanja kowa ya san abin da a ke nufi, ko da ya ke a Gwanja ɗin ba a shuka shi.

Daga Jega ayari ya kan ƙetare Kwara a Illo ko Gaya, ya ratsa Bargu ta Kandi da Jugu, ya bi ta Sansanin Mango ko ya miƙe Yandi ta ƙasar Dagomba, kāna ya sauka Salaga. Zuwa da komowa daga Kano ya kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Abin da su ke kaiwa shi ne kanwa, da baƙin tufafi na rini irin na Kura, da jemammun fatu, da dabbobi, da gabu, watau busasshen ganyen albasa. Mutanen Aliero da suka yi suna da noman albasa za su yi murna su ji cewa kayan lambu ma sun taka Gwanja tun zamanin kakanni. Gishirin Foga kuma ta wannan yanki ya ke shigowa.

Akwai wani abu da ba shi da daɗin faɗa, amma tarihi ba ya ɓoye shi. Cikin hajar da a ke korawa har da 'yan Adam. Kasuwar Salaga ta yi suna da cinikin bayi, kasuwannin ƙasarmu ma ba su kuɓuta daga wannan ba. Da yawa daga cikin masu ɗaukar kaya a ka da masu korar jakuna bayi ne, ba da son ransu suka bar gida ba. In muna yabon ƙoƙarin fatake, sai mu tuna da waɗannan bayin Allah da suka kwana a zango ɗaya da iyayengijinsu amma ba su da rabo cikin riba.

Turawan da suka ratsa ƙasar sun rubuta abin da suka gani. A 1826 wani Bature, Kilafaton, ya gamu da ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu, suna komowa daga Gwanja. Ya ce sun fi mutum 1,000, maza da mata, dabbobinsu ma kamar haka. Wani kuma, Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarimu, ya zauna a Kano a 1851. Ya ƙiyasta goron da ke shiga Kano a shekara ya fi kayan jaki 500, ko wane kaya kuwa in ya iso lafiya ya kan kai wuri 200,000.

Ayari da shugabanninsa

Taro mai yawa haka ba ya tafiya sai da tsari. Madugu shi ne uban tafiya. Shi ke zaɓen hanya da ranar tashi, shi ke shiga wurin sarakunan hanya ya daidaita gaisuwa da kuɗin fito, kāna ya raba wa ko wane falke gwargwadon kayansa. Jagaba shi ke gaba, shi ya san mashigai da mararraba. Uban dawaki yana taimakon madugu wajen tara kuɗi da tsaron baya. Akwai kuma malamin ayari, mai rubuta lissafi da wasiƙu, mai jan salla, mai roƙon Allah sa'ad da za a tashi. Cikin manyan fataken goro an fi sanin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗannan na ƙarshe kuwa sun daɗe a Gumi, sama da Jega a kan gulbi ɗaya.

Jaki da kaya ba ya wuce mil 10 zuwa 15 a yini. A kan yi sammako tun da asuba, kafin rana ta take an sauka. Wannan ne ya sa zanguna suka jeru a kan hanya kamar ƙwayoyin tazbaha, ko wanne tafiyar yini guda daga ɗan'uwansa.

Zangon bayan gari

Zango iri biyu ne. Na fari shi ne na bayan gari, inda babban ayari ke sauka, gama ba garin da zai buɗe ƙofa ya shigar da baƙi dubu da dabbobinsu a dare ɗaya. Sarkin gari ya kan nuna fili a waje da ganuwa. Abu uku a ke dubawa: ruwa, da inuwa, da ciyawa. Saboda haka za ka tarar da tsohon zango kusa da gulbi ko tafki ko rijiya, ƙarƙashin tsamiya ko kuka ko ɗorawa.

Ginin wannan zango na ciyawa ne da itace. Da an sauke kaya sai yara da barori su bazu cikin daji, su saro tsumagu da ƙirare, su yanko ciyawa. A kafa tsumagu a ƙasa a zagaye, a tanƙwaro kawunansu a ɗaure, a lulluɓe da ciyawa ko zana, bukka ta samu. In an yi sa'a wani ayari ya tashi bai daɗe ba, sai a gyara bukkokin da ya bari. Kayan goro a tsakiya a ke jibge su, a kan itatuwa don kada gara da damshin ƙasa su taɓa su. Jakuna a ɗaɗɗaure su kusa, a cire musu akumari su huta. Inda a ke tsoron kura ko 'yan fashi sai a kewaye zangon duka da ƙaya, a bar ƙofa ɗaya, a hura wuta, a sa masu tsaro su yi ta karɓa-karɓa har gari ya waye. A share wani wuri a jera duwatsu ko itace ta fuskar gabas, shi ne masallaci.

Kafin la'asar zango ya zama kasuwa. Matan gari su fito da fura da tuwo da ƙosai, Fulani su kawo nono, yara su kawo harawa da itacen wuta. Matan ayari kuma suna ta girki. Falke ya kwance huhunsa ya duba goro ɗaya ɗaya, ya fid da wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran, ya yayyafa ruwa, ya sake naɗewa da ganyen fita. Wannan aiki ba a ƙyale shi, gama goro in ya bushe ya tashi daga dukiya. Talakan ƙauye ya sami wuri da ɗan goron da zai kai gaisuwa, sarki ya sami nasa rabo. Shi ya sa garuruwan hanya ke son a ce ayari a wurinsu ya ke zango.

Gidan fatoma

Iri na biyu shi ne masaukin cikin gari. A babbar kasuwa kamar Jega falke ya kan yi kwanaki, ya sayar ya saya, ya jira abokan tafiya. A nan ya ke bukatar maigida, wanda a ke kira fatoma. Gidansa shi ne masaukin baƙi na ƙasar Hausa, ginin kuwa ya bi aikin da a ke yi a cikinsa.

Da ka zo sai ka fara da zaure. A nan maigida ke zama, a nan a ke gaisawa, a nan dillali ke kawo mai saye a yi ciniki a gaban shaidu. Ƙofar zaure ta waje da ta ciki ba sa duban juna, don kada mai wucewa ya hango cikin gida. Bayan zaure sai fili mai faɗi, da turaku na ɗaure dabbobi, da rumfa, da ɗakunan baƙi a jere jikin katanga. Ɗakin ajiya yana can inda idon maigida ke kai. Daga nan sai shigifa, wadda ta raba baƙi da iyali. Baƙo ba ya wuce ta. Tuwo ne ke fitowa daga ciki ya same shi.

Magina da tubali su ke aiki. A kan kwaɓa jar ƙasa, a mulmula ta da hannu mai gindi da tsini, a shanya a rana. In za a yi gini sai a jera tubali tsininsa sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka gauraya da ciyawa ta kwana tana ruɓa. Bango ya kan yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa. Wannan kauri shi ke hana zafin rana shiga, shi ya sa ɗakin ƙasa marar taga ya fi ko wane wuri dacewa da ajiyar goro.

Rufi iri biyu ne. Ɗakunan baƙi yawanci jinka a ke ɗora musu, gama ta fi araha. Zaure da ɗakin ajiya kuwa, in maigida mai hali ne, soro a ke yi, saboda tsoron gobara. Da azara a ke rufa soro, watau gungumen giginya da aka tsaga, itacen da gara ba ta cika damunsa ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa 6. In ana son ɗaki ya fi haka sai magini ya kafa ginshiƙi a tsakiya, ko kuwa ya fito da azara daga bango hawa hawa, yana ɗaurewa yana yaɓe da ƙasa, har ta wannan gefe ta gamu da ta wancan. Wannan shi ne bakan gizo. In bakuna suka gicciye juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga. Wanda ya kai wannan sana'a ƙarshenta shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, mai ginin masallacin Juma'a na Zariya, amma ko a zauren attajiri a kan ga irinta a ƙanƙance.

Abokin gaban ginin ƙasa ruwan sama ne. Saboda haka a kan yaɓe bango da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. Rufin soro kuma a shafe shi da laso, watau katsi na marina da gashin jima da ruwan dafara. A sa indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. Ko wace shekara bayan damina sai an sake yaɓe. Gidan da aka bari shekara kaɗan ba gyara, ƙasa ce, ƙasa za ta koma.

Amana

Abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne mai gidan. Falke baƙo ne, bai san mai gaskiya da macuci a garin ba, wani lokaci ko harshen garin ba ya ji. Fatoma ne ke ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayi kaya bashi. In mai saye ya gudu, fatoma ne zai biya. Ba a kan biya kuɗin kwana ba. Ribar maigida tana cikin la'adar ciniki da kyautar sallama. In ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai bi ayari zango zango, baɗi ba mai sauka gidansa. Ashe jarinsa na gaske sunansa ne. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, fatake kuwa sun fi kowa sanin gaskiyar wannan magana.

A ƙasashen gabas sarakuna ne ke gina wa ayari masauki da dutse. A ƙasar Turkiyya akwai wanda a ke kira Sultan Han, kusa da garin Aksaray, an gina shi a 1229, yana nan tsaye. A Alƙahira akwai wakalar Sarki Guri, ta farkon ƙarni na 16, ɗakunan ajiya a ƙasa, na kwana a bisa. A Turkiyya suna fama da sanyi mai tsanani da ƙanƙara, dutse kuma yana kusa. Fatakenmu da rani su ke yawan tafiya, bukka ta ishe su, aikin da katangar dutse ke yi a can kuwa madugu da fatoma ne suka ɗauke shi a nan. Shi ya sa nasu ya bar gini, namu ya bar suna da zuriya.

Abin da ya kashe ayari

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, goro ya fara bin waɗansu kasuwanni kamar Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga, fatake suka watse, waɗansu Kete Karachi, waɗansu Kumasi da Ankara. A 1903 Gwandu da Sakkwato suka shiga hannun Turawa. Ƙasar da ayari ke ratsawa kuma aka raba ta tsakanin Ingila da Faransa da Jamus, ko wacce da nata kuɗin fito. Gwamna Lugga ma ya sa harajin ayari, sai a 1907 aka soke shi.

Amma abin da ya gama da hanyar Gwanja jirgi ne. Attajirai suka gane a kan ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki. Alhasan Ɗantata, Ba'agale na Bebeji, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, aka buɗe ta a 1912. Manoman ƙasar Yarabawa kuma suka shiga shuka irin goron Gwanja. Daga baya motoci suka zo, tafiyar zango goma ta koma ta yini guda. Jega ba ta mutu ba, gama hanyar mota ta bi ta cikinta, kasuwarta na ci har yanzu a Jihar Kebbi, wadda aka kafa a 1991. Zangon bayan gari ne ya koma gona.

Abin da ya rage

Sunan dai bai ɓace ba. Ga Zangon Daura, ga Zangon Aya a hanyar Zariya, ga Zangon Katab, ga unguwar Zangon Barebari a birnin Kano, ga unguwar Zango a Damagaram. A Kumasi da Ankara da Lome da Kwatano unguwar Musulmi baƙi Zango a ke ce mata, Hausa kuwa a ke ji a ciki. A 2017 gwamnatin Gana ta kafa asusu musamman domin raya waɗannan unguwanni. Sana'ar maigida ma tana nan a kasuwannin shanu da goro.

Zaman baƙo da ɗan gari kuwa sai da kiyayewa ta ko wane gefe. A 1969 Gana ta kori baƙi masu yawa, cikinsu har da Hausawan da a can aka haife su. A 1983 Nijeriya ta kori mutanen Gana. A 1992 aka yi tashin hankali a Zangon Katab, rayuka suka salwanta. Inda amana ta karye, daɗewar zama ba ta hana ɓarna.

To, jama'ar Liba da Maiyama da Aliero da Jega, ga aiki ya same ku, ku da Allah ya ba ku karatu da rubutu da girmanku. Bukka ba ta barin kufai, bangon ƙasa ba ya jiran mai tarihi. Abin da ya rage na wannan labari yana bakin tsofaffi. Ku tambaye su ina fatake ke sauka a garinku, wace rijiya su ke sha, gidan wa ke saukar da baƙi, kakan wa ya tafi Gwanja bai komo ba. Ku rubuta da sunayen wurare yadda aka faɗa muku, kada ku ƙara kome, ku ajiye wa 'ya'yanku. Malamai sun ce duniya kanta zango ce. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu tashi, ya sa mu sauka lafiya. Amin.